Karen da Ya Shanye Maganin Baba

Akwai wani yini guda cikin kaka da na tabbata ko tsufa ya zo ya fara kwashe mini abubuwa daga kai, wannan zai bar mini shi. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na ga hasken la'asar ya kwanta a kan zangarniyar dawa, sai in ji ni a bisa babur, hanya tana wucewa a hankali, mahaifina yana bayana rungume da kare a cinya. Wani lokaci har nakan tambayi kaina ko mafarki na yi, don duk wanda ya san Baba ba zai yarda ya taɓa ɗora kare a jikinsa ba. Amma ni na tuƙa babur ɗin, kuma da idona na gani.

Ƙauyenmu yana can tsakanin Kafur da Malumfashi, inda idan damina ta yi kyau ba ka hango komai sai masara da dawa da auduga har inda ido ya tsaya. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Funtua, ina zuwa gida idan an sami hutu ko idan aikin gona ya yi yawa. Baba manomi ne tun tasowarsa, kuma yana da wani irin taurin kai mai ladabi da ban taɓa ganin irinsa a wurin kowa ba. Ba ya musu, ba ya ɗaga murya. Duk abin da ka ce masa zai yi murmushi ya ce, "To." Sai ka tafi kana jin ka yi nasara, shi kuwa ya je ya yi abin da ya ga dama. Inna, mahaifiyata, ta fi shi baki nesa ba kusa ba, amma a wajen kafiya har yau ban san wanda ya fi wani a cikinsu ba.

Karen kuwa tsintarsa Baba ya yi yana ɗan kwikwiyo, a bakin wata kwalbati, ruwan sama ya yi masa duka yana rawar sanyi. Ja ne siriri, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. A gona ya girma, a gindin bukkar da Baba ke ajiye fartanya, yana korar awaki da kurege, yana yi wa masu sha'awar masarar da ba su shuka ba haushi. Gidanmu bai taɓa shiga ba, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ya shiga. Idan ya rako Baba da yamma, a gindin wani rimi da ke bakin gari yake tsayawa, ya bi shi da kallo har ya shige, sannan ya juya ya koma bakin aikinsa. Inna ba ta ma kiransa kare, "wancan abin" take cewa. Baba kuma bai sa masa suna ba, "mutumina" yake ce masa. Idan muka tsokane shi cewa ya fi son karen nan a kanmu, sai ya tsuke fuska ya ce, "Wane so? Ma'aikaci ne. Ba ya neman lada, ba ya kuma tafiya Funtua ya bar ni da noma." Wannan ta ƙarshen da ni yake. Amma na sha tarar da shi a inuwa yana ba karen labarin tsadar taki da halin mutanen gari, karen yana zaune ya karkata kai yana saurare, kai ka ce zai ba da shawara.

Shekarar da abin ya faru, tun farkon damina jiri ya ɗebi Baba a ƙofar masallaci. Muka kai shi asibiti a Funtua, likita ya auna shi, ya sake aunawa, ya ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ya rubuta ƙwaya guda kullum da safe, ya ce a rage gishiri, ya ce azumin nafila ma a dakata da shi tukuna sai an ga yadda jikin ya daidaita. Baba ya yi murmushi ya ce, "To." Ni da na san fassarar wannan "to" ɗin, tun a nan na san maganin ba zai shawu ba. Muna fitowa ya tambaye ni yaushe ake gama shan maganin, na ce ai wannan ba a gamawa. Ya ce, "Ashe ba magani aka ba ni ba, aure aka ɗaura mini." Ya sha na 'yan kwanaki don ganin idonmu, daga nan ya koma ga zoɓo marar sukari da tafarnuwa da ganyen zogale, ya ce da su kakanninsa suka rayu har suka gaji da duniya. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta haɗa shi da aminansa, ta kira ni a waya har na fara jin tsoron ɗauka. Sai kuma wata rana ta yi shiru, ta daina maganar gaba ɗaya. Abin mamaki, daga nan jikin Baba ya fara kyau. Jirin ya tafi, barci ya dawo, har ya riƙa tare tsofaffi 'yan'uwansa a majalisa yana yi musu wa'azin tafarnuwa. Ni ma da karatuna har na fara tunanin ko dai akwai wani abu a tafarnuwar nan da likitoci ba su gano ba.

Na zo gida a kwanakin farko na watan Babbar Sallah, wanda a shekarar ya faɗo daidai lokacin girbi. Irin kwanakin nan ne da ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba. Iska tana ɗauke da ƙanshin karan masara da aka sare, auduga ta fara buɗe baki fari fat, dawa ta sunkuyar da kai saboda nauyi. Komai yana tafiya a natse, har shanun da ke jan amalanke ba a matsa musu. Da na je gona ranar farko, abin da na fara lura da shi shi ne karen bai taho da gudu ya tare ni ba kamar yadda ya saba. Yana kwance a inuwar tsamiya, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, idanunsa a lumshe rabi da rabi, yana kallon wani abu can nesa wanda mu ba mu gani. Ya ɗan kaɗa wutsiya ya bari. Akuya ta zo ta wuce ta gabansa da ganyen wake a baki, ko kunnen nan nasa mai tsayuwa bai motsa ba. Baba ya ce kwanan nan haka yake, sai barci da mafarki, wataƙila tsufa ne ya fara leƙo shi. Muka yi dariya, na ce ko dai ya yi ritaya ne bai sanar da mai gona ba.

Bayan magariba a ranar Baba ya ci tuwo sosai, fiye da yadda na san yana ci, amma na ga yana yawan dafe ƙeya, idanunsa kuma sun yi ja. Da ya tashi zai tafi masallaci sai da ya dafa bango. Inna tana bakin murhu tana kallonsa. Na ga yadda hannunta ya tsaya cak a kan murfin tukunya har ya fice.

Washegari da safe ta dama masa fura kamar kullum. Al'adarsu ce tun kafin a haife ni: Baba ba ya karyawa a gida, a gora yake tafiya da furarsa, sai ya yi aiki hantsi ya ɗaga sannan ya zauna ya sha. Furar Inna kuwa ba ta wasa ba ce, ta ji citta da kanumfari da barkono, ga kindirmo mai tsami. Ta miƙa masa goran ta ce, "Malam, yau dai ka daure ka shanye ta duka, kada ka rage." Ya ce, "To." Ni na tsaya facin tayar babur, ban bi shi ba sai wajen azahar.

Tun daga nesa na san ba lafiya ba, don ba na jin ƙarar sara, ban kuma hango hular Baba tsakanin karan masara ba. Na same shi durƙushe a gindin tsamiya. Karen yana kwance a gefe ɗaya, ya miƙe ƙafafu, numfashinsa yana fita a hankali ƙwarai, sai ka zuba ido kafin ka ga cikinsa ya motsa. Ya yi amai a kusa da shi. Baba ya ce ɗazu karen ya tashi zai bi shi, ya yi ɗan taku yana tangaɗi, ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarsa, ya zube. Na ɗaga leɓensa da ɗan kara, na ga dasashin ya koɗe ya yi fari. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu alamar wahala a tare da shi. Bai yi kuka ba, bai yi shure-shure ba, idanunsa kawai suke bin Baba duk inda ya motsa. Gonar ta yi tsit, sai kurciya da ke kuka can a wani reshe.

Na ce wannan guba ce, wani ya ajiye masa a hanya, ko kuma ya kama ɓeran da ya ci shinkafar ɓera. Raina ya ɓaci, har na fara jero sunayen waɗanda karen ya taɓa hana satar masara. Baba ya girgiza kai ya ce, "Kada ka ɗauki alhakin kowa. Tun safe bai gusa daga nan ba, babu abin da ya shiga cikinsa sai fura." Na ce, "Wace fura?" Na waiwaya na ga goran a kife, ga kaskon karen an lashe shi tas. Na ce, "Baba, furarka ka ba shi? Duka? To kai me ka sha?" Ya kawar da kai yana kallon dawa, ya daɗe, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Azumi nake."

Ashe tun da watan ya kama yake azumi. Kwanaki ne masu falala, tun yana saurayi bai taɓa bari sun wuce shi ba, kuma bai ga dalilin da wani yaro mai farar riga zai raba shi da su ba. Ya san idan Inna ta ji, gidan ba zai zaunu ba. Don haka sai ya riƙa yin sahur da dabino da ruwa a hanyar masallaci da asuba, da safe ya karɓi goransa kamar kullum, idan ya iso gona ya juye wa mutuminsa, da magariba ya sha ruwa a masallaci ya dawo ya ci tuwo. A ganinsa babu wanda ya cuta. Ibadarsa tana tsakaninsa da Ubangijinsa, abinci bai zube a ƙasa ba, kare ya ƙoshi, Inna kuma tana ganin gora ya dawo wayam tana murna. Ni dai a lokacin ban ga abin da ya haɗa fura da wannan kwanciya ba. Na ce mu kai shi wurin likitan dabbobi a Malumfashi, ina jiran in ji "to" ɗin nan nasa da ba ya kai mutum ko'ina. Sai kawai ya tashi ya ɗauko wani tsohon buhu a bukka, ya naɗe karen, ya ɗauke shi da hannunsa.

Dole muka biya ta gida, don man babur ɗin ba zai kai mu ba, akwai kuma ragowa a galan a zaure. Ranar ce karen ya fara wuce gindin rimi. Inna ta leƙo ta ga mijinta tsaye da kare a hannu, ta yi salati. Ta ce, "Malam! Mi zan gani haka? Wancan abin ka ɗauko mini har ƙofar gida?" Ni da bakina ba ya riƙe magana, na ce ba shi da lafiya ne, kuma abin mamaki babu abin da ya ci sai furar Baba.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya da sauri irin haka ba. Ta dafa ƙyaure ta ce, "Wace furar? Ta yau?" Baba ya ce ta yau, da ta jiya, da ta shekaranjiya, tun da wata ya tsaya, don shi azumi yake. Sai ta sulale ta zauna a dakalin zaure, wurin da ban taɓa ganin ta zauna ba, ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, ka kashe ni. Maganinka ne a ciki."

Tana kuka ta faɗi sauran. Tun ranar da ta daina faɗa, niƙa ƙwayar take yi da bayan cokali ta zuba a furar, yaji da tsamin nono su rufe ɗacin. Watanni tana haka, tana jin sa yana yabon tafarnuwa, tana dariya a ciki. Jiya da ta ga ciwon ƙeya ya dawo da jan ido, sai ta ɗauka ƙwaya ɗayar ce ta daina yi masa aiki, ba ta kuma da wanda za ta tambaya ba tare da asirinta ya tonu ba. Shi ne da safe ta niƙa har guda huɗu, ta ce masa kada ya rage.

Suka tsaya suna kallon juna, shi da kare a hannu, ita da hawaye a fuska. Na jira faɗa, don kowannensu yana da abin faɗi, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. Faɗan bai zo ba. Can Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwalin maganin daga inda ta ɓoye shi a cikin kwanonin jerenta, ta miƙa mini ta ce in nuna wa likitan, mu yi sauri. Har mun hau babur ta ƙara da wata magana da ban zata daga bakinta ba. Ta ce, "Ka tallafe masa kai da kyau, Malam, hanyar akwai gargada."

Tafiyar nan ita ce ta fi yi mini kama da mafarki. Na so in yi gudu, hanya ta hana, don haka muka riƙa tafiya a hankali tsakanin gonaki, dawa ta yi mana rumfa hagu da dama, ganyenta yana shafar kafaɗuna. Rana ta fara karkata, haskenta yana ratsowa ta tsakanin kara, ya faɗa mana a fuska ya ɗauke, ya sake faɗawa. Masu tsintar auduga suna miƙewa suna bin mu da kallo, hannuwansu cike da fari. A wata fadama balbelu sun jeru a bayan shanu, ko motsi ba sa yi. Ban ji ƙarar injin ba sam, ko kuma na ji na manta. Abin da nake ji kawai muryar Baba a bayana, yana magana da karen a hankali. Yana gaya masa masu gonakin da muke wucewa, wane ya makara da shuka, wane takinsa bai isa ba, wane ya yi maimai da kyau. Can na ji ya ce, "Ka ga duniyar da ke bayan rimi, mutumina. Ashe ban taɓa kawo ka ba." Ƙwalla ta cika mini ido, na ce wa kaina iska ce.

Wurin likitan dabbobi cike yake da raguna, kowa ya kawo nasa a duba masa kafin Sallah. Muna sauka wani mai bakin tsiya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, bana da wannan za a yi layyar?" Aka kwashe da dariya. Da a wata rana ce, da Baba ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi cikin murmushi, amma ranar ko kallonsa bai yi ba. Likitan, wani matashi mai sanyin hali, ya bar ragunan ya zo. Ya saurari ƙirjin karen ya daɗe, ya duba dasashi, ya karɓi kwalin ya karanta, ya tambayi guda nawa kuma tun yaushe. Da na gaya masa sai ya ja dogon numfashi. Ya ce aikin maganin sauke jini ne, kuma don babban mutum aka auna shi, ga shi dabbar da ba ta fi ɗan akuya nauyi ba ta yi kwanaki tana sha, yau kuma ta sha ninkin-ba-ninki. Ya ce da mun zo da wuri da ya sa shi ya amayar da shi duka, amma yanzu ya riga ya bi jiki. Duk da haka bai sallame mu ba. Ya ɗura masa wani baƙin ruwa na gawayi, ya aske masa ƙafa ya sa masa ƙarin ruwa, ya rataye ledar a reshen wata bishiyar bedi da ke ƙofar ofishin.

Sannan ya juyo ga Baba ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ba likitan mutane ba ne, amma da huɗun nan cikinka suka shiga, kana tsakar rana kai kaɗai a gona, wallahi ban san yadda za ta kaya ba. Kwanakin nan kuma da ka yi ba ka sha ba, su ma ba ƙaramin ganganci ba ne." Na saci kallon Baba ina jiran murmushin. Bai yi ba, bai kuma ce "to" ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ga an yi masa nasiha ya sunkuyar da kai kawai.

Muka yi la'asar, muka dawo muka zauna a inuwar, ruwan yana ɗiga a hankali. Ragunan suka riƙa raguwa har wurin ya zama sai mu. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan haƙarƙarin karen ya bar shi a nan. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni na ɓoye wa uwarka, ita ta ɓoye mini, kowa yana ganin alheri yake yi. Shi kaɗai ne a cikinmu bai ɓoye wa kowa komai ba. Abin da aka zuba masa ya sha." Sannan ya miƙo mini ɗaya hannun ya ce, "Ba ni guda ɗaya." Na ce, "Baba, ai saura kaɗan a sha ruwa, ka bari rana ta faɗi mana." Ya ce, "Allah ya san abin da na yi niyya. Ba ni." Na ɓallo masa ƙwayar daga kwalin, na samo ruwa, ya yi bismilla ya haɗiye, rana tana nan a sama. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa karya azumin waɗannan kwanaki ba ke nan.

Karen bai kai magariba ba. Babu wani abu da ya faru da za ka ce ga lokacin da ya tafi. Numfashin ya riƙa yin nisa da juna, idanun da ke bin Baba suka lumshe, sai dai na ga Baba ya ɗauke hannunsa ya ce, "Shi ke nan." Likitan ya zo ya saurara, ya zare allurar, ya ba mu haƙuri. Ni da na yi shekara da shekaru ina yi wa Baba tsiya a kan karen nan, sai ga ni na juya baya ina share ido da hannun riga. Na ji zafin mutuwarsa ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa. Muka juyo gida sararin sama ya yi ja, hayaƙin girki yana tashi daga ƙauyuka yana kwanciya a kan gonaki. A wannan karon Baba bai yi magana ba har muka iso.

A ƙauyenmu idan kare ya mutu, igiya ake ɗaura masa a ƙafa a ja shi bayan gari a bar wa ungulu. Baba ya ce nasa ba za a ja shi ba. Muka kwantar da shi a bukkar gona, washegari da sassafe muka ɗauki diga da shebur. Za mu fita ke nan Inna ta tare mu a zaure, idanunta a kumbure, ta miƙo wani tsohon zanenta wankakke, a ninke. Ta ce, "Kada ku sa shi a buhu. Bawan Allah, ni na niƙa masa da hannuna." Baba ya karɓi zanen ya ce, "Ni kuma na zuba masa da nawa." Iyakar abin da na ji sun ce wa juna a kan maganar ke nan har Allah ya raba su. Muka haƙa rami mai zurfi a gefen gona, muka naɗe shi a zanen, muka rufe. Baba ya tattaka ƙasar da ƙafarsa, ya ɗauki laujensa ya shiga masara.

Daga ranar, kullum Inna takan kawo ƙwayar a tafin hannunta a fili, da kofin ruwa, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Bayan Sallah muka koma wurin likitansa a Funtua, Baba da bakinsa ya gaya masa ba zai iya rabuwa da azumi ba. Likitan ya auna shi, ya tsara masa yadda zai riƙa shan maganin bayan shan ruwa a ranakun da yake azumi. Abu mai sauƙi haka, wanda da an buɗe baki an tambaya tun farko da kowa ya huta. Baba ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, ya ga jikokinsa sun girma har sun riƙe fartanya, amma bai sake ajiye kare ba. Mun sha kawo masa kwikwiyo, ya ce a kai wa wani.

Yanzu ni ma shekaru sun kawo ni inda likita ya rubuta mini tawa ƙwayar, kuma nakan gaya wa duk wanda zai saurara cewa maganin mutum ba abin da za a bari ya kai bakin dabba ba ne, ba kuma abin da za a ƙara ko a rage da ka ba ne. Amma abin da yinin nan ya koya mini ya wuce maganar ƙwaya. Iyayena biyu babu mugu a cikinsu. Ita tsoron rasa shi ya sa ta ɓoye, shi gudun tayar mata da hankali ya sa ya ɓoye, kuma duk don kada a yi faɗan yini ɗaya. Tun daga nan, idan ina nufin mutum da alheri, a gabansa nake ajiye masa, ya gani da idonsa, ko da zai yi fushi da ni. Fushin nan yakan huce kafin yamma. Alherin da aka yi a ɓoye kuwa, da zarar ya bar hannunka ba ka da iko da inda zai sauka, kuma sau da yawa yakan sauka ne a kan wanda ba shi da bakin tambayar abin da aka zuba masa.